Loma takwas, tarkace goma sha biyu

'Yar ƙanwata da ke aiki a Abuja ta sauka Kano wata Juma'a da la'asar sakaliya, kuma daga filin jirgi ba ta zame ko'ina ba sai gidanmu a Gwammaja. Bayan an gaggaisa ta zuge wata 'yar jakar sanyi, ta fito da leda ta ajiye a gabana. Ta ce, "Kawu, ga abin nan da kake ta tambayata. Ɗazu da rana na saya, a ci yanzu, ba ya son kwana." Sushi ne, abincin mutanen Japan da ake yi da shinkafa mai ɗan ruwan khal, a naɗe ta a busasshiyar ciyawar teku, a sa kifi ko jatan lande ko kokwamba a tsakiya. Daga firjin wani babban kanti ta ɗauko shi, an riga an jera an rufe an manna farashi.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Hajiya, mahaifiyata, ba ta fara kai hannu ga abincin ba. Wani koren abu ta zaro daga tsakanin lomomin, mai baki kamar haƙoran zarto, ta murza shi a yatsunta, ta kai kusa da ido, ta ce, "Wannan ganyen shi ma ci ake yi?" Jikarta ta ce, "A'a Hajiya, roba ce, don ado aka sa." Hajiya ta sake murza shi, ta ajiye a gefen tabarma, ta ce, "Ikon Allah."

Loma takwas ne, mu kuma mu huɗu, ko minti biyar ba a yi ba muka cinye. Ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da na tashi tattara wurin ne na tsaya ina kallon abin da ya rage. Ga baƙin farantin roba mai zanen furanni ruwan gwal, ga murfinsa garai-garai kamar gilashi, ga takardar farashi mai danƙo da ta ɗaure su. Ga koren ganyen da Hajiya ta ajiye. Ga wata 'yar kwalbar roba mai siffar kifi da ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, wadda aka ɗura baƙin ruwan waken suya a ciki, ita ma da ɗan jan murfinta kamar ƙwayar masara. Ledar citta daban, ledar koren yajin nan mai hawa hanci da suke kira wasabi daban. Tsinken cin abinci guda biyu da babu wanda ya taɓa a cikinmu, tunda da hannu muka ci, da takardar da aka zura su a ciki, sai babbar ledar kantin. Sau biyu na ƙirga, goma sha biyu ne. An rubuta a jikin abincin kada ya wuce gobe, amma yawancin kayan da aka zubo shi a ciki, ni da jikokina duk za mu tafi mu bar su a doron ƙasa.

Ra'ayina a kan wannan babu kwana-kwana. Duk kantin da ya sayar maka da abinci a irin wannan mazubi, haƙƙinsa ne ya karɓi mazubin idan ka gama, ya san yadda zai yi da shi, da kuɗinsa. Kuma ina ganin Kano ta mai da wannan doka tun yanzu, kafin firjin manyan kantunanmu su cika da irinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san wani zai ce, mutum nawa ne ma ke cin sushi a Kano da za a tsaya ana rubutu a kansa? Kaɗan ne, na yarda. Amma ka shiga kowane babban kanti a Titin Zoo ko Nasarawa ka duba firji da kantar kayan ƙwalama. Farantin nan da murfin nan su ne a jikin yankakkiyar kankana, su ne a jikin dabino da samosa da kek da soyayyen nama. Sushi dai shi ne ya haɗa komai wuri guda, har da adon da ba ya amfanar kowa, shi ya sa ya fi nuna inda aka dosa. Kuma sanin kowa ne abin da aka fara gani a babban kanti bana, baɗi yana wurin biki, baɗin baɗaɗa yana kan tiren mai talla.

Da na bi tarihin abincin, abin da ya fi taɓa ni shi ne asalinsa dabarar adana kifi ce, tun zamanin da babu firji babu roba. Kifi ake sa wa gishiri a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa na watanni har ya yi tsami, kusan yadda mu muke bi da kalwa mu yi daddawa. Har gobe ana yin irinsa a gefen tafkin Biwa da ke Japan, suna kiransa funazushi. Wanda ake dunƙula shinkafa a ɗora ɗanyen kifi a kai kuwa, a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, ya ɓulla a wajajen shekarun 1820, ana danganta shi ga wani mai suna Hanaya Yohei, kuma abincin bakin titi ne da ake ci a tsaye, kamar yadda muke tsayawa wurin mai tsire. Idan za a yi tafiya da sushi, ganye ne mazubinsa. Mutanen Nara suna naɗe kowace loma da ganyen wata bishiya da suke kira kaki, wadda dangin kanyarmu ce. Mutanen Toyama suna shimfiɗa ganyen gora a zagayayyen akwatin katako su danne kifi da shinkafa a ciki. Shi kansa koren abin da Hajiya ta murza, jikan ganye na gaskiya ne. Da can mai dafa abinci shi ke yanka ɗanyen ganye da wuƙa ya kafa tsakanin loma da loma, don kada ɗanɗanon wannan ya shiga wancan, kuma sun yarda yana jinkirta lalacewar abinci. Da roba ta zo sai ta kwaikwayi kamanninsa ta bar amfaninsa. Hajiya ba ta san wannan tarihin ba, amma tambayarta a kan hanya take, domin a duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin an sa ganye a abinci a banza ba.

'Yar kwalbar kifin nan ma tana da labari. A Osaka aka ƙirƙiro ta a shekarun 1950, ta bi sushi duk inda ya shiga a duniya. Daga ranar 1 ga Satumba, 2025, jihar Kudancin Ostireliya ta haramta ta. Dalilinsu shi ne ta yi ƙanƙanta ainun, injinan da ke tace shara ba sa iya kama ta, sai ta zube ta ƙasa, ta bi magudanar ruwa ta ƙare a gaɓar teku. Ka lura, waɗannan mutane ne masu injin tace shara da motar kwasa mai zuwa ƙofar gida kowane mako, amma 'yar robar ta gagare su har sai da suka yi mata doka ita kaɗai.

Baƙin farantin ya fi ta matsala. An zaɓi baƙi ne don farin shinkafa da jan kifi su fito su ja idon mai saye. To amma injinan da ake ware robobi da su a Turai da Amurka da wani haske suke aiki wanda idon mutum ba ya gani, suna haska roba su gane irinta daga yadda hasken ya dawo. Baƙin launin da aka fi amfani da shi, na sinadarin kabon, shanye hasken yake yi, sai injin ya wuce farantin kamar babu shi, ya tafi juji ko wuta. Akwai kuma wata damuwa a kansa. A 2024 mujallar kimiyya ta Chemosphere ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan kayan baƙar roba sama da 200, aka samu sinadaran hana kama wuta, irin waɗanda ake sa wa jikin talabijin da kwamfuta, a cikin da yawansu, har da wani farantin sushi. Hanyar da ake zargin sun bi ita ce tsofaffin kayan lantarki da aka niƙa aka sake narkawa, tunda baƙi yana rufe asalin kowace roba. Daga baya masu binciken sun gyara wani kuskuren lissafi, ya nuna abin da ke shiga jikin mutum bai kai yadda aka fara yayatawa ba, amma samuwar sinadaran tana nan yadda suka faɗa.

A nan Kano hannun yaro ne injin tace shararmu, sikeli kuma shi ne alƙali. Akwai wani ɗan jari bola da ke bi ta layinmu da baro duk bayan kwana biyu ko uku, yaro mai ladabi, bai wuce shekara sha biyar ba. Washegarin ranar da muka ci sushin na wanke farantin da murfinsa tas, na haɗa masa da gorunan ruwa da wani fasasshen bokiti. Ya ɗauki bokitin ya jinjina, ya jefa a baro. Gorunan ya taka su ɗaya bayan ɗaya ya cusa a buhu. Da ya zo kan farantin sai ya lanƙwasa shi ya ji ƙararsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Baba, wannan ba a saye." Na ce ko kyauta ba ya so? Ya ce, "Ba ta da nauyi, Baba. Ko na cika buhu da ita ba za ta motsa sikeli ba, kuma in oga ya gan ta a cikin kaya sai ya rage min kuɗi." 'Yar kwalbar kifin kuwa ya juya ta a tafin hannu ya yi murmushi, ya ce ƙanwarsa za ta so ta. Ita kaɗai ya tafi da ita.

Yaron ya gaya mini abin da ya kamata duk mai tsara dokar muhalli a jihar nan ya riƙe. Abin da yake da farashi ba ya kwana a titin Kano. Ka jefar da gwangwanin lemo a Kofar Mazugal ka dawo bayan awa guda ka gani ko yana nan. Guntun ƙarfe, tsohon takalmin roba, fasasshiyar kujera, duk akwai mai bin su, akwai masu injin niƙa roba da ke jiran su. Abin da ke cika mana lambatu shi ne wanda babu mai saye: ledar fiyawata, baƙar leda, farar tekawe mai kama da soso, yanzu kuma ga wannan faranti yana shigowa sahu.

Mutanen Japan da suka fitar da farantin sun fitar da wani abu tare da shi wanda mu ba mu ɗauko ba. A bakin ƙofar manyan kantunansu akwai akwatuna a jere. Uwar gida za ta wanke farantin da ta sayo kifi ko nama a ciki, ta shanya, ranar da za ta koma cefane ta tafi da shi ta zuba a akwatin. Wani kamfanin ƙera irin waɗannan farantai mai suna FP Corporation, da ke Fukuyama, tun 1990 yake kwaso su daga kantuna yana narkawa yana sake yin sababbi. A gida ma shara kala-kala suke warewa, kowace da ranar fitar da ita. Duk da wannan ɗawainiya, fiye da rabin sharar robarsu ƙona ta suke yi a manyan tanderu masu tace hayaƙi, su samu zafi ko lantarki. A duniya baki ɗaya, rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ya ce kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Mu mun ɗauko abincin, mun ɗauko farantin har da zanen furanninsa, muka baro akwatin a can. Tanderunmu kuwa shi ne bolar kan kwana, wadda ake cinna wa wuta bayan magariba, hayaƙin ya kwanta a unguwa lokacin hunturu, yara suna karatun allo a cikinsa, tsofaffi suna tari har asuba.

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, mukan fito da shebur da manjagara mu yashe lambatun layinmu. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, kuma na ga yadda abin da muke fitarwa ya canza. Da can yashi ne da toka da ɓawon rake, ka tara su su bushe. Yanzu in ka soka shebur sai ka ji ya dawo maka, domin leda ta saƙa kanta ta zama kamar tabarma, robobin tekawe sun jeru a bakin kwalbati sun toshe shi kamar an gina. Mu tsame mu tara a gefen titi, in ruwan sama ya riga motar kwasa zuwa, ya mayar da su inda muka fito da su. Damina biyu da suka wuce ruwa ya shigo mana har tsakar gida cikin dare, na ɗauki Hajiya a baya na kai ta ɗakin da ya fi tudu. Da gari ya waye muka bi sawu, kwalbati ɗaya ne ya toshe, kuma abin da muka zaro daga cikinsa ya cika baro huɗu, kusan duk mazubin abinci ne da ledar ruwa.

Abin bai tsaya a cikin gari ba. Kano tana da wata tsohuwar hikima da ba kowane birni ke da ita ba: sharar birni ita ce takin ƙauye. Mun taso muna ganin jakai da mangala suna fita ta ƙofofin gari da rani ɗauke da toka da kashin dabbobi da sharar gida, su dawo da itace. Da wannan ne gonakin kewayen Kano suka yi ɗaruruwan shekaru ana noma su duk shekara ba hutu. Har yanzu manoma na sayen takin bola, amma sai an zauna ana tsince leda, kuma ba ta tsintuwa duka. Ka fita wajen Ungogo ko Dawanau bayan girbi ka dubi gona, sai ka ga kowane kututturen kara da tutar leda a jikinsa. Abin da ruwa ya kwasa kuma ya bi Jakara ya nufi dam ɗin Wasai, ta tsakiyar lambunan da salak da kabejinsu ke dawo mana kasuwa. Ka tambayi kowane mahauci a abbatuwa abin da yake tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwon gari. Dunƙulen leda ne, wani lokaci har ya fi kan mutum girma, dabbar tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ba baƙin mayar da kwano ba ne. Ina yaro, in aka aike ni sayen waina ko ɗanwake, langa ake ba ni. Mai fura tana da ƙwaryarta da ludayinta, ka sha ka miƙa mata. In maƙwabta suka aiko da abinci, a juye, a wanke kwanon, a ba yaro tukuici ya koma da shi, kuma abin kunya ne kwanon mutane ya kwana biyu a gidanka. Tuwon biki a fanteka yake fita, a fanteka yake dawowa. Goro yana tasowa tun daga kurmi a cikin huhu, ganye ne ke riƙe masa danshi har ya iso kasuwar Mariri bai yi komai ba. Kwalbar lemo ma da ta zo daga waje, mun san ƙa'idarta: ka zo da wata kwalbar, ko ka ajiye kuɗi, in ka dawo da ita a ba ka abinka. Babu wanda ya taɓa ganin kwalbar lemo lafiyayya a kwata. Yau kuwa biki ɗaya a wuraren taron nan sai a raba tekawe ɗari biyar, kowace da cokalin roba da leda, washegari duk suna bayan katanga.

Ba ina cewa komai na da mai kyau ne ba. Tsiren da ake naɗewa a tsohuwar jarida tawada yake kwasa, kuma takardar buhun siminti ba wurin abinci ba ce. Ita ma alalar da ake dafawa a leda da kokon da ake ƙullawa da zafinsa abin dubawa ne. Sushi kuwa dole a rufe shi, dole a sanyaya shi. Abinci ne mai kifi, garinmu kuma zafinsa yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, ga ƙura ga ƙuda. Mai kantin da ya ce ba zai ajiye shi a buɗe ba ya yi gaskiya. Sai dai a cikin tarkace goma sha biyun nan, guda nawa ne ke kare lafiyar mai ci? Faranti da murfi, sai takardar da ke faɗin ranar lalacewa. Koren ganyen ado ne. Tsinkaye da ruwan waken suya ana iya ajiye su kusa da mai karɓar kuɗi, wanda yake so ya ɗauka. Farantin kuma babu abin da ya wajabta ya zama baƙi. Ana yin irinsa da roba garai-garai irin ta gorar ruwa wadda masu niƙa ke saye, ana yi da takarda, ana yi har da tukar rake bayan an matse ruwanta. A Jamus tun Janairun 2023 doka ta tilasta wa manyan masu sayar da abincin tafi-da-gidanka su tanadi mazubin da ake dawowa da shi ga duk wanda ya nema. Abin da kakanninmu ke yi da langa ke nan, su sai da suka rubuta shi a doka.

Legas ta haramta farar tekawe mai kama da soso a Janairun 2024, ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin amfani sau ɗaya daga Yulin 2025. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi baya a 2017. Tarayyar Najeriya ma tana da manufar kula da sharar roba tun 2020, kuma hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta daɗe tana maganar cewa wanda ya ƙera kaya ya ɗauki nauyin shararsa. Ina da tsoro biyu game da Kano. Na farko, kayan da aka kora daga kasuwar Legas ba za su ɓace ba, wata kasuwar za su nema, kuma babu kasuwar da ta kai tamu girma a Arewa. Na biyu ya fi damuna. In muka tashi kwaikwayon haramci kai tsaye, na san a kan wa zai sauka. Mai awara ta bakin titi za a kama, da yarinya mai tallan dafaffiyar gyaɗa, a ƙwace tire a ci tara, alhali mai babban kanti yana zaune cikin sanyin iyakwandishan yana jera baƙaƙen farantai. Kashin dankali ke nan, babba a sama ƙarami a danne. Ita mai awarar ribarta ta yini ba ta kai kuɗin loma takwas ɗin da muka ci ba, kuma ba ta da zaɓin da ya fi leda araha.

Shi ya sa nake cewa a faro daga sama. Wanda ya iya sayen sushi zai iya ajiye naira ɗari a kan farantinsa, in ya dawo da shi a ba shi kuɗinsa. In ya ƙi dawowa da shi ya jefar, to farantin ya zama abu mai farashi, kuma yaron nan mai baro zai tsince shi kafin ya kai kwalbati, ya kai kanti ya karɓi ɗarin. Majalisar dokokin jiha tana iya sa wannan cikin sharuɗan sabunta lasisin manyan kantuna da manyan gidajen abinci da wuraren biki: akwatin karɓar mazubi a bakin ƙofa, da yarjejeniya a rubuce da wani mai niƙa roba da zai riƙa kwasa. A hana baƙar roba a jikin abinci, a ba su shekara guda su ƙarar da wadda suka riga suka sayo. Wanda ya zo da kwanonsa ko kularsa kuma kada a mai da shi, a zuba masa a rage masa kuɗin mazubi.

Masu masana'antun roba na Sharada da Bompai da Challawa, da 'yan kasuwar Kofar Wambai da ke sayar da kayansu, ba na kallon su a matsayin abokan gaba. Dubban gidaje ke ci daga wannan sana'a, cikinsu har da 'yan'uwana. Tsarin da nake magana a kai kasuwa zai ƙara musu, tunda kantin da aka wajabta wa karɓar mazubi zai nemi irin wanda ake iya wankewa ko narkawa, kuma a wurinsu zai saya, su kuma su samu tsaftatacciyar roba a tare wuri guda maimakon wadda aka tsamo daga kwata. Limamanmu suna yawan tuna mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma matasan unguwa suna yin wannan sadakar duk wata da shebur a hannu. Ina so a riƙa tambayar wanda ya sa abin a hanyar tun farko ya kuma ci riba a kansa, shi mene ne nasa kason.

Ranar Lahadi da 'yar ƙanwata za ta koma, na sa farantin da murfinsa da koren ganyen a cikin ledar kantin na miƙa mata. Ta dube ni ta ce, "Kawu, wallahi dariya za su yi min." Na ce ta kai duk da haka, ta nemi manaja, ta ce wani kawunta a Kano ne ya ce a dawo musu da kayansu. Hajiya daga kan tabarma ta ce, "Kai musu mana, 'yar nan. Ai kwanon mutane ba ya kwana."

Ranar Laraba da daddare ta kira ni. Ta ce ta je, kuma ba su yi dariya ba. Manajan ya saurare ta har ta gama, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce a gaishe ni. Sannan ya tsaya yana waige-waige, ya tambayi wata ma'aikaciya ko akwai inda ake ajiye irin wannan, ta ce babu. Tana tsaye a wurin ya taka kwandon sharar da ke bayan kanta, ya sa shi a ciki.